Tsunami: me ke tayar da ita, kuma me ya sa wata ta fi wata kisa?

Dan_Ader_Tahoua:
Assalamu alaikum ƴan'uwa, manya da ƙanana. Ina roƙon masu ilimin labarin ƙasa da ke cikin wannan zaure su faɗa mana manyan tsunami, wato igiyoyin teku masu mamaye gaɓa, da suka fi hallaka jama'a a tarihi, da abin da ya tayar da kowace ɗaya. Abin da na fahimta shi ne, duk tsunami girgizar ƙasa ce ke haifar da ita, kuma gwargwadon ƙarfin girgizar, gwargwadon yawan waɗanda za su rasu. Idan kuwa haka ne, babu abin da ya rage wa ɗan Adam sai addu'a. Dalilin tambayar ba ɓoyayye ba ne. Mu nan Ader da wuya a sami gidan da ba shi da ɗan ci-rani a Abijan ko Kwatano ko Lome ko Legas, wasu kuma suna Libiya da Aljeriya, kuma da yawansu a bakin teku suke aiki, a nan suke kwana. Ƙasarmu ba ta da teku, amma ƴaƴanmu suna can.

Malam_Labarin_Kasa:
Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Ader. Wadda ta fi kowace kisa a cikin abin da tarihi ya rubuta ita ce ta ranar 26 ga Disamba 2004 a Tekun Indiya. Girgizar ƙasa mai maki 9.1 ta auku a ƙarƙashin teku, yamma da tsibirin Sumatra na Indonesiya, ruwan da ta tayar kuwa ya ci rayuka kusan 230,000 a ƙasashe 14. Indonesiya kaɗai ta rasa fiye da 160,000, kusan dukkansu a lardin Aceh, Siri Lanka ta rasa kimanin 35,000, sannan Indiya da Tailan suka biyo baya da dubbai.

Yadda abin yake faruwa shi ne, ɓawon ƙasar da muke takawa ba dunƙule guda ba ne. Manyan faya-fayai ne da ke tafiya ƴan santimitoci kaɗan a kowace shekara. A wasu wurare wani faifan yana kutsawa ƙarƙashin wani, gefen na saman ya kafe yana lanƙwasa sannu a hankali har shekaru ɗaruruwa, ranar da ya kasa jurewa sai ya suɓuce ya yi sama a lokaci guda. A 2004 tsagewar ta kai tsawon kilomita 1,300, wato kusan tafiyar Yamai zuwa Diffa, ƙasan teku ya ɗaga da mitoci, duk ruwan da ke kansa tun daga ƙasa har sama ya ɗaga tare da shi. Wannan ne bambancinta da igiyar da iska ke kaɗawa, wadda saman ruwa kawai take motsawa. A tsakiyar teku mai zurfi tana gudun kilomita 700 zuwa 800 a awa guda, amma tsayinta sau da yawa bai kai mita ɗaya ba, har jirgin ruwa yakan wuce ta kanta ba a ji komai ba. Sai ta iso inda ruwa bai da zurfi, gabanta ya rage gudu, bayanta ya taru a kansa, sannan ta miƙe. A wasu wurare na gaɓar Aceh ta haura mita 30.

Hadiza_Yantala:
Allah ya jiƙansu da rahama. Ina lise a nan Yamai lokacin, kuma ina tuna yadda adadin mamatan da ake faɗa a rediyo yake ninkuwa daga safiya zuwa dare, har manyanmu suka fara shakkar ko masu karanta labaran sun karanta lambobin daidai.

Injiniya_Yamai:
Bayanin Malam ya cika game da 2004, amma ina so in taɓa rabin maganar Malam Ɗan Ader na biyu, domin tarihi bai goyi bayansa ba. Girgizar ƙasa mafi ƙarfi da na'ura ta taɓa aunawa ita ce ta ƙasar Chile, ranar 22 ga Mayu 1960, mai maki 9.5. Ta fi ta Sumatra ƙarfi nesa ba kusa ba, amma waɗanda suka rasu, haɗe da na girgiza da na ruwa, ko a ƙiyasi mafi yawa ba su wuce dubu shida ba, saboda gaɓar ba ta da cunkoson jama'a irin na Aceh. Abin tsoro a cikinta shi ne nisan da ta ci: bayan awa 15 ta kashe mutum 61 a garin Hilo na Hawai, bayan kusan awa 22 kuma ta isa Japan, a ɗaya gefen Tekun Fasifik, ta kashe kimanin 140.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai ta Sanriku a arewacin Japan, ranar 15 ga Yuni 1896. Girgizar da mutane suka ji a ƙasa mai rauni ce ƙwarai, shi ya sa kusan babu wanda ya tashi daga gidansa, amma bayan kamar rabin awa ruwa mai tsayin da ya kai mita 38 a wasu wurare ya hallaka mutum kimanin 22,000. Masuntan da ke can cikin teku a daren ba su ga alamar komai ba, sai da suka juyo gida da safe suka tarar da gawawwaki da tarkacen ƙauyukansu a kan ruwa. Saboda haka ƙarfin girgizar da aka ji a ƙafa ba shi ne ma'auni ba.

Dalibin_Abdou_Moumouni:
Da izinin malamaina, rabin farko ma yana buƙatar gyara. Ba kowace tsunami ce girgizar ƙasa ke haifarwa ba. Ranar 27 ga Agusta 1883 dutsen Krakatau mai aman wuta, wanda ke mashigin ruwa tsakanin Java da Sumatra, ya tarwatse da ƙarar da aka ji har tsibirin Rodrigues, tazarar kusan kilomita 4,800. Hukumomin Holan da ke mulkin ƙasar a lokacin sun ƙidaya mamata fiye da 36,000, kuma mafi yawansu ruwa ne ya ci su, ba wuta ko toka ba. A wuri guda ɗin, daren 22 ga Disamba 2018, gefen sabon dutsen da ya tsiro a gurbinsa, Anak Krakatau, ya zaftare cikin teku, ruwa ya kashe fiye da mutum 400 ba tare da an yi wani gargaɗi ba, domin na'urorin ƙasar girgizar ƙasa suke jira su auna, ita kuwa ba ta zo ba.

Sababi na uku shi ne zaftarewar ƙasa. A Japan a 1792 gefen wani dutse a yankin Unzen ya faɗa cikin teku, mutum kimanin 15,000 suka rasu. Igiya mafi tsayi da aka auna ma irin wannan ce: a mashigin Lituya na Alaska, a watan Yuli 1958, duwatsu suka rufto cikin ruwa, ruwan ya haye gangaren da ke fuskantarsu har mita 524, ya share itatuwa tas. Mutum biyu ne suka rasu a mashigin, saboda ƙananan jiragen masunta uku ne kaɗai ke wurin.

Dan_Ader_Tahoua:
Na gode wa Injiniya da ƙanena ɗalibi. Amma ta Lituya ɗin, me ya sa duwatsun suka rufto tun farko?

Dalibin_Abdou_Moumouni:
Girgizar ƙasa ce ta sako su, yaya, wannan gaskiya ne. Sai dai faɗuwar duwatsun ce ta ɗaga ruwan, ba motsin ƙasan teku ba, shi ya sa ya yi tsayi a wuri guda bai yi nisa ba.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni abin da ya tsaya mini a rai tun lokacin shi ne hotunan da aka nuna na mutane suna tafiya a kan yashin da teku ya janye ya bari, wasu har suna tsintar kifi. Me ke sa ruwan ya ja da baya kafin ya dawo? Kuma kullum haka yake yi?

Malam_Labarin_Kasa:
Hajiya, ba kullum ba ne, kuma wannan yana da muhimmanci. Sa'ad da ƙasan teku ya motsa, wani sashe yana ɗagawa, wani yana nutsawa. Gaɓar da ke fuskantar sashen da ya nutsa, ramin igiyar ne ke fara iso mata, sai a ga teku ya janye ɗaruruwan mitoci cikin ƴan mintoci, kamar yadda aka gani a Tailan. Gaɓar da ke ɗaya gefen kuwa tudun igiyar ne ke fara zuwa. Saboda haka janyewar teku alama ce tabbatacciya ta a gudu, amma rashin janyewarsa ba alamar zaman lafiya ba ne. Abu na biyu da ke yaudarar mutane shi ne, igiyar ba ɗaya ba ce. Sukan zo a jere, tsakaninsu mintoci goma ko ma awa guda, kuma sau da yawa ta biyu ko ta uku ta fi ta farko. Mutane da yawa sun tsira daga ta farko, suka sauko neman ƴan'uwansu, ta biyu ta same su.

Alhaji_Badaguichiri:
Allah ya yi mini aikin hajji makonni kaɗan bayan tsunamin 2004, domin Arfa ta faɗo cikin Janairu 2005. Na ga alhazan Indonesiya a Mina suna kuka a cikin addu'a, wani mai jin Larabci a cikinmu ya ce mana akwai waɗanda suna ƙasa mai tsarki labarin ya same su, ba su san wanda ya rage a gidajensu ba. Daga baya muka ga hoton masallacin nan da ya tsaya shi kaɗai, duk garin da ke kewaye da shi ya zama fili. Ni dai tun ranar na ɗauki abin aya ce daga Allah, kuma duk bayanin faya-fayai da ake yi bai canza mini wannan ba.

Sani_Konni:
Gaskiya ne, Baba Alhaji. Ni ma ina ganin azaba ce saboda irin saɓon da ake yi a wuraren shaƙatawa na bakin teku.

Ustaz_Tahoua:
Ɗan'uwa Sani, ina roƙonka ka janye wannan kalma. Cewa aya ce, kamar yadda Baba Alhaji ya faɗa, babu musulmin da zai musa, domin dare da rana ma ayoyi ne, kuma sanin yadda abu ke faruwa ba ya fitar da shi daga ikon Mahaliccinsa. Amma yanke hukuncin cewa azaba ce a kan wasu mutane takamaimai, wannan shiga ne cikin abin da Allah bai sanar da kowa ba. Mafi yawan waɗanda suka rasu mutanen Aceh ne, lardin da Musulunci ya fi kafuwa a duk Indonesiya, masunta da manoma da mata da ƙananan yara. Hadisi kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya rufta wa suna cikin shahidai.

Ga Malam Ɗan Ader kuma, da ya ce babu abin yi sai addu'a: sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, juyawa ya yi da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wanda ya ji ƙasa ta girgiza a bakin teku ya hau tudu, bai saɓa wa tawakkali ba.

Injiniya_Yamai:
Allah ya saka da alheri, Ustaz. Ƙari kaɗan kan masallatan, da girmamawa ga Baba Alhaji. Wanda ya gani shi ne masallacin Rahmatullah na Lampuuk, kuma babban masallacin Baiturrahman na Banda Aceh shi ma ya tsaya, mutane da yawa suka tsira a cikinsa. A fannin gini, an kafa su da ginshiƙan kankare masu ƙarfi da tushe mai zurfi, ga ƙofofi da tagogi manya da ruwa ya ratsa ya wuce, alhali gidajen da ke kewaye yawanci na katako ne ko bulo marar ƙarfe. A garin Palu na Indonesiya kuwa, a tsunamin 2018, masallatai na cikin gine-ginen da suka lalace.

Mariama_Harobanda:
Ni ambaliya na sani. A daminar 2020, sa'ad da kogin Isa ya fasa digi a Lamorde, mun kwashe kayanmu a ka cikin dare, muka zauna a aji na wata makaranta tare da iyalai da yawa. Duk da haka ruwan ya ba mu lokaci, domin kwanaki aka yi ana ganin yana hawa, ana faɗa a rediyo. Abin da nake so in sani shi ne, katanga mai ƙarfi irin wadda muke ta roƙo a yi mana tana iya tsayar da tsunami? Na ji an ce Japan ta fi kowa irin waɗannan katangu, amma ruwa ya ci ta.

Injiniya_Yamai:
Malama Mariama, Allah ya kiyaye gaba. Tambayarki ita ce wadda mutanen Japan da kansu ba su gama muhawara a kanta ba. Ranar Juma'a 11 ga Maris 2011, da ƙarfe 2:46 na rana, girgiza mai maki 9.0 ta auku gabas da gaɓar Tohoku, inda faifan Fasifik ke kutsawa ƙarƙashin Japan. Babu ƙasar da ta kai ta shiri: katangu, jiniya, atisaye a makarantu, komai akwai. Cikin minti uku aka fitar da gargaɗi. Duk da haka mutum kimanin 15,900 suka rasu, wasu 2,500 ba a ga gawarsu ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na mamatan nutsewa suka yi.

Abubuwa biyu suka haɗu. Gargaɗin farko ya raina girman igiyar, ya ce mita 3 a lardunan Iwate da Fukushima, mita 6 a Miyagi, kafin a gyara adadin kuwa wuta ta ɗauke a wurare da yawa. Sannan mutane sun amince da katangunsu. A lokacin garin Taro yana da katanga mai tsayin mita 10, tsawonta ya wuce kilomita 2, an shafe shekaru ana gininta bayan masifun 1896 da 1933, amma ruwa ya haye ta, ya karya wani sashe. A yankin Miyako ruwan ya hau tudu har kusan mita 40. A tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi igiya mai kusan mita 14 ta tsallake kariya, ta nutsar da janaretocin da ke sanyaya tukwanen makamashin nukiliyar, uku suka narke, aka kwashe fiye da mutum 150,000 daga gidajensu.

Ra'ayina shi ne, katanga tana sayen mintoci ne kawai, kuma tana zama haɗari idan ta sa mutane suka daina gudu.

Oumarou_BTP:
Injiniya, ban yarda da kai gaba ɗaya ba. Ka kawo Taro, amma ba ka kawo ƙauyen Fudai ba, a wannan lardi na Iwate. Shugaban ƙauyen ya dage aka gina ƙofar tare ruwa mai tsayin mita 15.5, aka yi ta zarginsa da ɓarnar kuɗi, amma a 2011 gidajen da ke bayanta sun tsira, tashar masunta da ke waje ce ta lalace. Matsalar Taro ba katanga ba ce, gajartar katangar ce. Kuma da ba ta da amfani, da gwamnatin Japan ba ta sake gina kusan kilomita 400 na sababbin katangu bayan abin ba.

Injiniya_Yamai:
Fudai hujja ce mai ƙarfi, Malam Oumarou, sai dai ƙauyen yana cikin kwari ne mai ƙunci tsakanin duwatsu biyu, inda ƙofa ɗaya ta isa ta toshe. Filin Sendai kuwa shimfiɗaɗɗe ne, ruwa ya shiga cikinsa har kusan kilomita 5. Ƙasa irin Indonesiya mai dubban tsibirai ba za ta iya kewaye kanta da kankare ba.

Maman_Bouza:
Ku yi mini haƙuri, akwai abin da ke cina duk sa'ad da aka ambaci 2004. Shekarar ce fara da ƙarancin ruwa suka cinye mana gonaki, yunwar 2005 ta biyo baya, kuma jiharmu ta Tahoua da Maraɗi da Damagaram suka fi jin jiki. Duniya ta tara wa waɗanda tsunami ta shafa fiye da dala biliyan 13, kuma sun cancanta, ba na yi musu baƙin ciki. Amma a watan Mayu 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 kacal domin Nijar, aka yi shiru, sai da hotunan yaranmu suka fita a talabijin. Masifar da ta zo cikin awa guda ana ganinta, wadda ke ci sannu a hankali kuwa sai an yi ta kira.

Hadiza_Yantala:
Maganarka gaskiya ce, Baba Maman, kuma ta isa a buɗe mata zaure na kanta. Amma har yanzu ba a amsa wa Malam Ɗan Ader tambayarsa kan ƴan ci-rani ba.

Malam_Labarin_Kasa:
Haka ne. Game da Abijan, Akra, Lome, Kwatano da Legas, hankali zai iya kwanciya gwargwado. A wannan gaɓa babu inda wani faifai ke kutsawa ƙarƙashin wani. Iyakar faya-fayan tana can tsakiyar Tekun Atlantika, kuma a can rabuwa suke yi, ba karo ba. Mafi yawan tsunami a kewayen Tekun Fasifik suke aukuwa. Abin da ke cin gidaje a Lome da Kwatano zaizayar gaɓa ce da tumbatsar teku, wannan kuwa wata matsala ce dabam.

Waɗanda ke arewa su ne maganarsu ta bambanta, domin faifan Afirka yana matsa na Turai. Ranar 21 ga Yuli na shekara ta 365 girgiza kusa da tsibirin Kirit ta tayar da ruwan da ya auka wa Iskandariyya ta Masar da gaɓar Libiya, kuma marubucin tarihin Rumawa Ammianus Marcellinus ya rubuta cewa teku ya janye, sannan ya dawo ya ɗora jirage a kan rufin gidaje. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgiza ta rushe Lisbon, babban birnin Fotugal, jama'a suka gudu bakin kogi inda babu ginin da zai faɗo musu, bayan kamar minti 40 ruwa ya same su a can, wuta kuma ta ƙarasa birnin. Dubun-dubatar mutane suka rasu, kuma ruwan ya yi ɓarna a gaɓar Maroko da Sifaniya. A Messina ta Italiya, a Disamba 1908, girgiza da ruwa sun kashe aƙalla 75,000, ko da yake rushewar gine-gine ce ta ci mafi yawa. Ko a 2003, girgizar Boumerdes a Aljeriya ta tayar da ƙaramar igiya da ta lalata jirage a tsibiran Baleyar na Sifaniya. A Bahar Rum abin ba ya yawan faruwa, amma tekun ƙarami ne, lokacin gudu kaɗan ne.

Issoufou_Abijan:
Daga nan Abijan nake bin ku, kuma zan karanta wa mutanenmu wannan bayani in mun haɗu da dare. Amma ina ganin an yi wa Malam Ɗan Ader taron dangi. Biyun da suka fi kisa a zamaninmu, ta 2004 da ta 2011, duka girgiza ce mai maki 9 ta haife su. Ashe maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba.

Dalibin_Abdou_Moumouni:
Haka ne, yaya Issoufou, mafi yawan tsunami da kuma waɗanda ke ƙetare teku girgiza ce ke tayar da su. Amma a duba abin da ya faru a cikin rana guda a 2004. Tsibirin Simeulue ya fi Banda Aceh kusa da tushen girgizar, mazaunansa kusan 80,000 ne, amma mutum bakwai aka ruwaito sun rasu. Dalili shi ne tsunami ta taɓa cin kakanninsu a 1907, suka saka labarin cikin waƙoƙi da tatsuniyoyin da ake yi wa yara, cewa in ƙasa ta girgiza teku ya janye a hau dutse. Ko jiniya ba su da ita.

Siri Lanka kuwa tana da kusan awa biyu kafin ruwan ya iso, Somaliya tana da kusan awa bakwai. Cibiyar gargaɗi ta Hawai ta auna girgizar cikin mintoci, amma a lokacin Tekun Indiya ba shi da tsarin isar da saƙo, sai a 2006 aka kafa shi. A Siri Lanka ruwa ya kifar da jirgin ƙasa cike da fasinjoji a Peraliya, fiye da mutum 1,000 suka rasu. A Somaliya kimanin 300 suka rasu, musamman wajen Hafun, mutanen da ko motsin ƙasa ba su ji ba. Mu mutanen Ader mun san irin wannan a ƙoramunmu: sama tas babu hadari, ruwan da aka yi a can nesa ya taho ya tafi da wanda ke tsakiyar kwari. Kenya da labari ya riga ruwa isa, aka kori mutane daga bakin teku, mutum ɗaya ta rasa.

Oumarou_BTP:
Sai dai gargaɗin na'ura ma yana da iyaka. A Palu, ranar 28 ga Satumba 2018, girgizar maki 7.5 ce, kuma irin wadda faya-fayan ke gogar juna gefe da gefe, wadda ba a saba ganin ta tayar da babban ruwa ba. Garin yana ƙarshen wani dogon mashigi mai ƙunci, ruwa ya iso cikin ƴan mintoci, daidai magariba, wuta da layukan waya sun riga sun yanke. Fiye da mutum 4,000 suka rasu, da yawansu a unguwannin da ƙasa ta zama taɓo ta haɗiye gidaje.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To idan mintoci ne, yaya ake yi da tsofaffi da marasa lafiya?

Malam_Labarin_Kasa:
Nan ne abin ya fi ɗaci, Hajiya. A Japan a 2011 kusan kashi biyu cikin uku na mamatan ƴan shekara 60 ne zuwa sama. Mutanen gaɓar Sanriku suna da wata tsohuwar koyarwa mai wuyar haɗiya: in ruwa ya taso kowa ya gudu da kansa, kada ya koma neman kowa, ya amince cewa ƴan gidansu ma suna gudu. A garin Kamaishi, inda aka horar da ƴan makaranta a kan haka, kusan dukkan yara 3,000 sun tsira, manyan suna riƙe da hannun ƙanana. A makarantar firamare ta Okawa kuwa, an tsayar da yara a fili kusan minti 50 ana shawarar inda za a nufa, ga tudu a bayan makarantar, yara 74 cikin 108 suka rasu tare da malamai 10.

Alhaji_Badaguichiri:
Malam, na ji hujjar, amma zuciyata ba ta karɓa ba. Ɗan da zai bar mahaifiyarsa a ɗaki ya hau tudu shi kaɗai, ko ya rayu, da wace fuska zai zauna cikin mutane? A wurinmu wannan ba zai koyu ba.

Ustaz_Tahoua:
Baba Alhaji, ina jin nauyin maganarka. Yadda na fahimci bayanin Malam, koyarwar ta fi shafar masu ƙafar gudu da ke warwatse, uba a kasuwa, ɗa a makaranta, kada kowa ya koma gida neman wanda ya riga ya tsere. Wanda ke tare da tsohuwar da ba ta iya tashi hukuncinsa dabam ne, kuma abin da ya wajaba a kan unguwa shi ne a san tun kafin ranar wa zai ɗauki wa.

Injiniya_Yamai:
Su ma mutanen Japan ba duka suka bi ta ba, Baba Alhaji. Ƴan sa-kai na kashe gobara 254 ne suka rasu ko suka ɓace a ranar, da yawansu suna rufe ƙofofin katangu da hannu ko suna fitar da tsofaffi daga gidaje. Bayan haka lardin Iwate ya mayar da ƙofofi da yawa masu rufuwa daga nesa ba tare da an tura mutum ba, wasu garuruwa kuma suka ƙayyade wa ƴan sa-kai mintocin da za su yi suna ceto kafin su ma su hau tudu. Yawan mintocin ya bambanta daga gari zuwa gari, gwargwadon nisansa da inda ake tsammanin girgizar.